Ƙwayar Ciwon Jiki Da Tukunyar Miya: Wanne Ya Fi Nauyi A Kan Zuciya?

Jawabi a taron koyar da kiwon lafiya na ekklisiyoyin karkara

 

A cikin zagayen da muke yi a ƙauyuka akwai magana iri biyu da muke yawan ji. Waɗansu sun ji labari cewa ƙwayoyin ciwon jiki suna taɓa zuciya, sai tsoro ya kama su, har mai zazzaɓi ya ƙi shan Panadol. Waɗansu kuwa cewa suke yi, "Ai yanzu komai ma kisa yake yi. An ce gishiri, an ce mai, an ce sukari, ga shi kuma an ce magani. A bar mu mu sha ƙwayarmu mu tafi gona." Duka biyun suna da ɗan abin kamawa, shi ya sa yau muke so mu ɗora ƙwaya a gefe ɗaya na ma'auni, mu ɗora tukunyar miya a ɗaya gefen, mu ga inda ya rinjaya, da kuma ga wane mutum.

Waɗanne ƙwayoyi muke nufi?

Ba dukan maganin ciwo ne iri ɗaya ba. Akwai dangi guda da ya ƙunshi diclofenac (shi ne a cikin Cataflam da Voltaren), da ibuprofen (shi ne Brufen), da piroxicam (shi ne Feldene), da indomethacin, da naproxen. Waɗannan su ne ake saya saboda ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon haƙori, ciwon mara, da gajiyar huɗa. Paracetamol, wato Panadol, ba ɗan wannan dangi ba ne, za mu zo kansa daga baya.

Yadda suke aiki shi ne, jikinmu yana yin wani sinadari da ake kira furostagilandin. Shi ne yake kai saƙon zafi da kumburi a wurin da aka ji ciwo. Ƙwayar takan tare shi, sai zafin ya lafa. Amma wannan sinadari ba aikinsa ɗaya ba. Shi ne yake buɗe hanyoyin jini a cikin ƙoda domin ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Shi ne yake sa ciki ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Yana kuma taimakawa kada jini ya dunƙule a cikin jijiya. Ƙwayar ba ta san wanne za ta tare ta bar wanne ba. Sa'anda ta kashe zafin gwiwa, a lokaci guda tana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, ciki ya rasa kariyarsa. Ku riƙe wannan magana ta riƙe gishiri, gama a nan ne ƙwaya da tukunya suke haɗuwa.

Yadda duniya ta farga

A shekarar 1999 wani kamfanin Amurka mai suna Merck ya fitar da sabon maganin ciwon gaɓoɓi da ake kira Vioxx. An yi ta yabonsa domin ba ya cin ciki kamar tsofaffin magungunan, miliyoyin mutane suka sha shi. A ranar 30 ga Satumba 2004 kamfanin ya janye shi daga kasuwa, bayan wani gwaji ya nuna cewa masu shansa fiye da wata 18 sun ninka waɗanda ba sa sha wajen samun bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2007 kamfanin ya yarda ya biya dala biliyan 4.85 domin sasanta ƙararrakin da aka kai shi.

Daga nan likitoci suka koma suka duba tsofaffin magungunan da kowa ya saba da su. A 2013 masu bincike a ƙarƙashin Jami'ar Oxford ta Ingila suka tattara gwaje-gwaje 639 da aka yi a kan mutane fiye da 350,000. Ga abin da suka samu. In mutum 1,000 suka sha diclofenac miligiram 150 kowace rana har shekara guda, za a sami ƙarin mutum 3 da za su gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ɗaya daga cikinsu kuma zai mutu. In kuwa mutanen dama masu haɗarin ciwon zuciya ne, ƙarin yakan kai 7 ko 8, biyu su mutu. Ibuprofen mai yawa, wato miligiram 2,400 a rana, shi ma ya ƙara haɗarin bugun zuciya. Naproxen bai nuna wannan ƙari ba, amma yana cikin waɗanda suka fi sa ciki zubar da jini. Dukansu kuwa sun kusan ninka haɗarin gazawar zuciya, wato irin ciwon da ke kumbura ƙafa yana hana mutum numfashi in ya kwanta.

A wannan shekara ta 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba da diclofenac ga wanda yake da ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewa. A Janairu 2015 Ingila ta hana sayar da ƙwayarsa sai da takardar likita. A nan wurinmu kuwa, a ranar kasuwa, yaro ma za a aika da kuɗi ya sayo.

Kada wani ya ce, "Ai ni ba na kai miligiram 150." Ƙwaya ɗaya mai lamba 50 sau uku a rana, an kai. Mai lamba 100 kuwa, ɗaya da safe ɗaya da dare, an wuce. Abin da ya fi damunmu shi ne haɗin da masu tallar magani da waɗansu masu kemis suke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba kwali. Sau da yawa ƙwaya biyu ko uku a cikin ƙullin 'yan dangi ɗaya ne. Zafin ba ya ƙara lafawa don an haɗa su, illar ce kawai take taruwa.

A ɗaya hannun, hukumar ta Turai ta sake dubawa a 2015, ba ta ga ƙarin haɗarin zuciya ba ga masu shan ibuprofen da bai wuce miligiram 1,200 a rana ba, wato mai lamba 400 sau uku. Saboda haka saurayi ko budurwa mai lafiya da ya sha na kwana biyu ko uku saboda haƙori ko targaɗe, bayan ya ci abinci, ba shi ne muke jin tsoro dominsa ba.

Yanzu bari mu buɗe tukunya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke ɓoye a cikin burodi da sauran abincin saye. A lissafinta na 2023, abin da mutane suke ci a duniya ya kai kusan giram 11, fiye da ninki biyu ke nan, kuma mutum kimanin miliyan 1.9 suke mutuwa kowace shekara saboda yawan gishiri.

Iyayenmu mata, ku taya mu wannan lissafi. Dunƙulen magi ɗaya nauyinsa giram 4 ne, kusan rabinsa kuwa gishiri ne. A ce gida mai mutum takwas, an sa dunƙule huɗu a miyar kuka, giram 8 ke nan na gishiri. An ƙara babban cokali ɗaya na gishiri, wajen giram 15. Jimla 23. In aka raba wa mutum takwas, kowa ya tashi da kusan giram 3 a tuwon dare kaɗai. In aka yi ɗumame da safe, ko aka dafa shinkafa da wake da rana, an riga an wuce ma'aunin yini. Ba mu lissafta yajin da ake barbaɗawa ba, da farin magi, da busasshen kifin da aka sa wa gishiri, da taliyar leda da yara suke so, wadda ƙulli ɗaya da garin ɗanɗanonta yakan kwashe kusan rabin ma'aunin yini.

Sa'an nan ga kanwa. Mutane da yawa ba sa lissafta ta a cikin gishiri domin ɗanɗanonta dabam ne, amma sinadarin da ke hawar da jini a cikin gishiri, wato sodiyam, shi ne a cikinta. Muna sa ta a wake don ya nuna da sauri, a kuɓewa don yauƙi, a kunu kuma. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa akwai waɗansu dalilai, kamar rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki, don haka ba za mu ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma mai jego da ƙafarta take kumbura, ko jininta ya hau lokacin ciki, bai kamata a ɗura mata kanwa ba, balle a haɗa mata da ƙwayar ciwon mara.

Gishiri yana jan ruwa. In ya yi yawa a jiki, ruwan jini yakan ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, jijiyoyi su yi tauri a hankali. Babu zafi, babu alama, shekara goma, shekara ashirin, sai ran nan a ce Baba ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace. A Najeriya kimanin mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

Maganar mai da sukari ba za mu daɗe a kanta ba, gama a ƙauye ba su kai gishiri ɓarna ba tukuna. Manja kusan rabinsa kitse ne irin mai daskarewa, man gyaɗa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, saboda haka a rage hannu a manja, a kuma daina soya ƙosai a man da ya yi baƙi. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara. Gero da dawa da acca da wake da ganye da muke ci abinci ne mai kyau ga zuciya, mutanen birni ma yanzu nemansu suke yi da tsada. Abin da muke zubawa a kansu shi ne matsalar.

To, ina ma'auni ya rinjaya?

Abin auna jini yana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a awo fiye da ɗaya, ana kiransa hawan jini. Bincike ya nuna cewa mai hawan jini da ya rage gishiri da kimanin cokalin shayi ɗaya a rana, lambarsa ta sama takan sauka da wajen maki 5. Ƙwayoyin dangin diclofenac kuwa, in ana shansu kullum, sukan ɗaga jini da maki 3 zuwa 5. Wato abin da Mama ta rage a tukunya, Baba yana iya mayar da shi da ƙwayar da ke aljihunsa.

An kuma gano cewa saukar maki 5 yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewa da kimanin kashi 10 cikin 100. Bari mu yi namu lissafi da wannan. A ce dattawa 1,000 masu haɗari, waɗanda 20 daga cikinsu za su gamu da irin wannan ciwo a shekara. In suka rage gishiri, an tsirar da mutum 2. In kuwa suna shan diclofenac mai yawa kullum, an ƙara 7 ko 8. Ga irin wannan dattijo, ƙwayar ta fi tukunya nauyi nesa ba kusa ba, ita ce ya kamata a fara cirewa. Maganar nan ta "komai ma kisa yake yi" ba ta yi masa amfani ba, gama haɗarin ƙwaya ba ya maye gurbin na gishiri, a kansa yake hawa.

Amma in muka dubi ƙauye gaba ɗaya, sai ma'auni ya juya. Mutum nawa ne suke shan cikakken ma'aunin diclofenac kowace rana har shekara? Kaɗan ne. Mutum nawa ne suke cin miya? Kowa da kowa, tun daga yaye har tsufa, sau biyu a rana. Ƙaramin haɗari da ya bi dukan gari shekara hamsin ya fi cika makabarta a kan babban haɗari da ya bi mutum goma. Mu a ganinmu, wanda ya ƙi shan maganin kwana biyu don tsoron zuciya, amma yana barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka sa wa magi, ya sa tsoronsa a inda bai kamata ba.

Akwai shaida daga ƙauyuka irin namu. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600, da mutane kusan 21,000, yawancinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa shanyewa. Rabin ƙauyukan an ba su gishirin da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu aka sa sinadarin fotasiyam a madadinsa. Bayan kusan shekara biyar, a sakamakon da aka buga a 2021, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wurinsu. Ba asibiti aka gina musu ba, abin da ke cikin tukunya kawai aka canza. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, amma fotasiyam ɗin yana nan a wake, dankali, ayaba, kabewa, alayyaho da zogale, waɗanda muke nomawa da kanmu.

Mai ciwo fa, me zai sha?

Mun san ciwon gwiwa da ciwon baya ba wasa ba ne, kuma gona ba ta jiran mutum ya warke. Ba za mu ce ku daure kawai ba.

Paracetamol shi ne na fari da za a gwada. Babba ya sha ƙwaya biyu masu lamba 500, ya bar aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya sake, kada kuma ya wuce ƙwaya takwas a yini. Wuce haka yana lalata hanta, musamman ga mai shan giya ko burkutu. Shi ma ba a wanke shi sarai ba. A wani gwaji a Edinbara ta ƙasar Sukotland da aka buga a 2022, masu hawan jini 110 sun sha cikakken ma'auni kullum har sati biyu, lambarsu ta sama ta hau da wajen maki 5. Wannan bai shafi mai sha jefi-jefi don zazzaɓi ko ciwon kai ba, amma mai sha kowace rana ya riƙa auna jininsa. Irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa kuwa yana ɗauke da sodiyam mai yawa, mai hawan jini ya guje shi.

Ga ciwon gwiwa ko na hannu, diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya aminci, domin abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne ƙwarai. Gashi da ruwan ɗumi, da motsa gaɓa, da riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo, duk suna taimakawa. Matasa, kada ku ce tunda an kushe wannan bari a koma tramadol. Gudun gara ke nan a faɗa wa zago.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa dangin diclofenac da ibuprofen ba sai likita ya ce: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewa, mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, mace mai ciki musamman daga wata na biyar, da tsoho da ya haura shekara 65. Mai shan maganin hawan jini ya sani cewa waɗannan ƙwayoyi suna rage ƙarfin maganinsa, in kuwa yana shan lisinopril tare da maganin sa fitsari, ƙara musu diclofenac yana iya tsayar da ƙoda. Haka kuma wanda ya yini a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ko mai zawo da amai, ƙodarsa dama a matse take, ba lokacin shan ƙwayar ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin don kare zuciya kada ya daina, kada kuma ya haɗa da ibuprofen, gama yana tare masa aiki. Garin Alabukun ma asfirin ne mai yawa da sinadarin da ke cikin kofi da goro, ba na yara ba ne, ba kuma na mai gyambon ciki ba.

A tukunya kuwa, ba mu ce a dafa lami ba, don mun san maigida zai ture kwano. A rage a hankali. Inda ake sa dunƙule huɗu a koma uku, bayan sati biyu a koma biyu. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni, har abincin da aka saba ci a dā ya zama ya yi gishiri da yawa. In an sa magi, a rage gishiri, kada a cika duka biyun. Daddawar da ba a zuba wa gishiri ba, da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da tsamiya suna ɗaga miya. Wake kuma in aka jiƙa shi tun dare zai nuna ba sai da kanwa ba, itace ma ya ragu. Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne, gama sau da yawa ku ne kuke cewa miya ba ta ji gishiri ba.

Ba wanda zai san gefen ma'aunin da yake sai ya auna jini, awon kuwa bai fi minti biyar ba a ƙaramin asibiti. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara, mai shan maganin ciwo kullum kuwa ya fi haka. In za ku je, ku tafi da kwalin ko ledar duk ƙwayar da kuke sha, har da ƙullin mai talla, ku nuna wa ma'aikacin lafiya. Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafunsa suna kumbura, ko fitsarinsa ya ragu, ya ajiye ƙwayar ya tafi asibiti a ranar. In ƙirji ya danne kamar an ɗora dutse, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nemi mashin ko mota nan take, kada a jira gari ya waye.

 Masu tambaya sai su ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren iyaye mata.